Digiri Talatin da Uku

Na bar firji a jone da wuta, bayansa a buɗe, na tsallaka titi sayen wayar wuta, 'yata ta zura hannu a ciki, zuciyarta ta tsaya. Abin da ya faru ke nan. Ƙaddara ce, na yarda, amma ta hannuna ta biyo. Shekara ashirin da huɗu ina gyaran firji da injin ƙanƙara, ban taɓa juya wa buɗaɗɗen firji baya ban zare shi daga soket ba sai ranar.

Shekararta bakwai. Rediyo muke ce mata a gida, don tun da ta koyi magana ba ta sake rufe baki ba. In an tashi daga makaranta takan biyo ta shago, ta hau kan wani mataccen injin wanki ta zauna, ta ba ni labarin wanda ya yi fitsari a wando a aji da wanda malama ta ja wa kunne. Ranar murfin bironta ne ya gangara bayan firjin, ta bi shi.

Mai kemis ɗin da ke jikin shagona ce ta riga kowa isa. Ta taɓa aikin asibiti. Ta kashe wutar shagon, ta janyo yarinyar tsakiyar ƙasa, ta durƙusa tana danna mata ƙirji tana hura mata iska a baki, ni kuwa ina tsaye da naɗin waya a hannu kamar an dasa ni. Da motar asibiti ta iso suka manna mata wasu faifai biyu a ƙirji, suka buga mata wuta, zuciyar ta tashi. Minti goma sha huɗu, in ji mai kemis, don ita ta duba agogo.

Zuciya ta tashi, amma yarinya ba ta farka ba.

A hawa na uku suka kwantar da ita, ɗaki mai gado shida da ƙofar gilashi, ba ka shiga sai ka wanke hannu har gwiwa. Sun zura mata tiyo a maƙogwaro, inji na yi mata numfashi. Likitar wata 'yar gajeriya ce mai tabarau, da ƙyar in ta kai ƙanwata ta uku a shekaru. Ta fito da ni da matata baranda.

"Baba, zuciya ta dawo," in ji ta. "Yanzu ƙwaƙwalwa ce abin tsoro. Ta daɗe jini bai kai mata ba, kuma ɓarnar ba ta tsaya don jinin ya dawo ba. Takan ci gaba kwana biyu zuwa uku, kumburi na hawa. Muna so mu sanyaya jikinta zuwa digiri talatin da uku, mu riƙe ta a haka kwana biyu, sannan mu ɗumama ta kaɗan-kaɗan."

Matata ta dafe ƙirji. "Sanyi kuma? Yarinyar da ko numfashi ba ta iya yi da kanta?"

"Kamar nama," na ce.

Su biyun suka juyo suka kalle ni.

"In an ɗauke wuta, naman da ke can ƙasan firiza ya fi daɗewa bai lalace ba."

"Ni dai ba zan kira 'yarka nama ba," in ji likita, "amma ba ka yi nisa ba. Sai dai ka ji ni da kyau, ba alkawari nake yi maka ba. Akwai yaran da aka yi wa suka tashi, akwai waɗanda bai amfana musu komai ba. Abin da na tabbata guda ne, zafi abokin gabarta ne a yanzu. In muka fara, sai ta yi zazzaɓi ko ta ɗumama farat ɗaya, ɓarnar ƙaruwa za ta yi, jininta ma na iya faɗuwa."

Ta miƙo takarda, na sa hannu. Na fi yarda da wanda ya ce min bai yi alkawari ba. Ni ma haka nake gaya wa masu tsohon firji.

Injin da suka turo bai fi ƙaramin firjin ofis girma ba, a kan taya huɗu. Tiyo biyu sun fito daga bayansa sun shiga wata shimfiɗar roba da aka sa a ƙarƙashinta, ruwan sanyi na zagawa a ciki. Akwai wata siririyar waya da ke cikin jikinta tana gaya wa injin zafinta. In ta ɗan hau sai ya ƙara sanyaya ruwan, in ta sauka ya sassauta. A fuskarsa lamba biyu ce, ta sama tata, ta ƙasa ta ruwan. Duk kayan ɗakin nan baƙi ne a gare ni, amma shi wannan ɗan gidanmu ne. Kwamfureso ne, wato zuciyar firji, da fanka da famfo, aka yi musu farin fenti. Na ja kujera kusa da shi na zauna. Yakan yi aiki minti huɗu, ya huta kamar shida, ya sake tashi. Kafin yamma na haddace numfashinsa.

Washegari da safe Yaya ya kawo Inna.

Tun rasuwar mahaifinmu Inna a gidana take, shekara goma sha ɗaya. Ɗaki ɗaya suke kwana da Rediyo, gado ɗaya, kullum cikin faɗa a kan wa ta janye bargo. Ƙawata Rediyo ke ce mata. Inna ta haifi tara, ta binne huɗu, biyu daga ciki ciwon ƙirji ne ya ɗauke su a ɗakin da ke yoyo. Duk wanda ya taso a hannunta ya san ba a barin ƙafar yaro a waje. Har na yi gemu tana bina da hula in ta ga hadari.

Ta wanke hannu kamar yadda aka ce, ta taka har bakin gadon, ta kama ƙafar Rediyo. Sai ta saki da sauri kamar ta taɓa garwashi.

"Kai! Me nake ji haka?"

"Magani ne, Inna."

"Maganin uwar wa? Taɓa ka ji! Haka ƙafar ƙanenka ta yi da asuba kafin in rufe masa ido." Ta warware mayafinta ta lulluɓe yarinyar tun daga wuya, tana cusa gefen a ƙarƙashin ƙafafu.

Babbar nas ɗin ɗakin, wata ƙatuwar mata mai sanyin murya, ta zo ta yaye mayafin, ta ninke shi, ta miƙa mata da hannu biyu. "Mama, ki yi haƙuri. Ba ta jin sanyin, mun ba ta maganin barci mai nauyi. Zanin gado ɗaya kawai aka yarda."

"'Yar nan, kin haihu?"

"Uku, Mama."

"To Allah ya shirye ki."

A baranda Yaya ya tare ni. Shi ya yi karatu, yana aiki a ofis, ko cefane zai je sai ya soke biro a aljihu.

"Na bincika a waya," in ji shi. "Abin nan ba a gama tabbatar da shi ba. Gwaji suke yi da 'yarka, kai kuma ka dangwala musu hannu ko karantawa ba ka yi ba."

"Likita ta gaya min ba tabbas. Ba ta ɓoye ba."

"To a cire ta a mai da ita wani asibitin."

"An riga an fara. In aka ɗumama ta yanzu an kashe ta sau biyu."

"Sau biyu?" Ya gyara tsayuwa. "Na farkon wa ya yi?"

"Ni," na ce. "Shi ya sa na biyun ba mai yi ina tsaye."

Rana ta biyu Inna ta zo a sanyaye. Ta gai da nas, har da tambayar yaranta uku, ta ce jiya ruɗewa ce ta tsufa. Da ina cikin hayyacina da nan na gane. Inna ba ta taɓa ba wa wani haƙuri ba tun da na san ta. Amma kwana biyu ban runtsa ba, kuma dokar ɗakin mutum biyu kawai ke zama a bakin gado. Matata ta ce in sauka in sa wani abu a cikina, su za su zauna. Na sauka. Na yi sallar azahar, na sha shayi a tsaye, na hau. Duka bai fi minti arba'in ba.

Tun ina wanke hannu a bakin ƙofa na ji abin da ban so ba. Injin yana aiki. Na tsaya da kumfa a hannu ina jiran ya huta. Bai huta ba. Muryarsa ma ta canza, ta yi kauri, irin ta kwamfureson da ke ja da ƙyar.

Na shiga. Inna na zaune daf da gadon, ta ɗora hannu a kan zanin, tana motsa baki. Matata na kallon tayil. Lambar sama talatin da uku da ɗigo shida. Ta ƙasa, wadda tun jiya take yawo wajen ashirin, ta faɗo shida. Na kama tiyon, ya yi sanyi ƙarara har yana gumi.

"Sista," na ce wa nas, "injin nan yana wahala."

Ta leƙo daga gadon da take. "Bai yi ƙara ba ai, Baba. Lambar ba ta fita iyaka ba."

"Bai yi ƙara ba don yana kokawa ne. Minti nawa ke nan bai huta ba?"

"Ni ina na sani? Ba na ƙirga masa."

"Ni ina ƙirgawa."

In mutum ya kawo min ƙarar firjinsa ba ya hutawa, kafin in ɗauki sukuddireba abu biyu nake tambaya. Ƙofar na rufuwa da kyau? Wa ya sa tukunya da zafinta a ciki? Sau tara cikin goma tukunyar ce.

Na kama bakin zanin. Inna ta danne shi da tafin hannu.

"Bar ta ta huta."

"Ɗaga hannunki, Inna."

"Na ce ka bar ta."

Na yaye zanin daga ɗaya gefen. Gorunan roba uku ne, irin na ruwan sha, kowace an zura ta a cikin safa. Ɗaya a kowace hammata, ɗaya a tsakanin cinyoyi. Safar makarantar Rediyo ce, fara mai jan baki. Na taɓa guda, zafinta ya ratsa safar. Fulas ɗin gidanmu na leƙowa daga jakar matata a ƙarƙashin kujera.

Inna ta damƙe wuyan hannuna. Tsohuwa ce, amma riƙon ya shiga ƙashi.

"Ka saurare ni," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Kai ka san ƙarfe, ni na san yaro. Ka riga ka yi naka a shago. In ka cire gorunan nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Matata ta fashe da kuka. Nas ta tsaya cak da allura a hannu. Shekarata arba'in da takwas, ban taɓa musa wa Inna ba ko a kan gishirin miya. Na ji maganar ta sauka min har tafin ƙafa.

Na ɓanɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na zare gorunan, na jefa su a kwandon shara. Inda ta hammatar hagu ta kwanta, fatar ta yi ja ta yi bororo. Jikin da aka sanyaya ba ya jure zafi, kuma mai barcin magani ba ta iya janyewa.

Nas ta danna ƙararrawa, likita ta shigo da gudu, suka rufu a kan gadon. Ni na juya wajen Inna.

"Tashi ki fita."

"Ni?"

"Ke, Inna. Sista, a rubuta a ba mai gadin ƙofa. Matar nan kada ta sake shigowa sai na ce."

"Matar nan," in ji Inna, tana jinjina kai. "Yau ni ce matar nan." Ta kama hannun kujera da hannu biyu ta ƙanƙame. "To zo ka fitar da ni in gani."

Ta san ba zan iya ba. Duk ɗakin sun san ba zan iya ba. Ni kuwa ina jin injin nan a bayana yana ja, yana ja. Na sunkuya, na sa hannu ɗaya a bayanta ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, na ɗaga ta sama. Ba ta kai nauyin ƙaramin firji ba. Ta doke ni a fuska, ta doke ni a wuya, ɗankwalinta ya zame ya faɗi a bakin ƙofa, furfurarta ta bayyana a gaban iyayen yara da masu shara da mai gadi. Na dire ta a kan bencin baranda. Na koma na ɗauko ɗankwalin na miƙa mata. Ba ta karɓa ba.

Yaya na wajen. Bai tambayi komai ba, ya ɗauke ni da mari har biron ya faɗo daga aljihunsa.

"Uwarka! Uwar da ta haife ka, ɗan iska!"

"Ƙara ɗaya a nan ɓangaren in bai ishe ka ba," na ce. "Amma ba ta shiga."

"Za ka gani a rayuwarka."

"Ina gani tun shekaranjiya."

Na koma ciki. Lambar ta kai talatin da huɗu da ɗigo ɗaya kafin ta juyo. Jinin yarinyar ya yi ƙasa, suka ƙara mata wani magani a ruwa, ya daidaita. Bayan kamar awa ɗaya injin ya yi ajiyar zuciya ya tsaya. Ban taɓa jin shirun da ya yi min daɗi kamar wannan ba.

Na tambayi likita ko an yi ɓarna. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba na'urar da za ta nuna. Sannan ta dubi injin ta dube ni. "Da kunne ka ji?"

"Da me zan ji?"

Matata na rakuɓe a jikin bango. Na je na tsaya a kanta.

"Har da ke."

"Ƙafarta, Baban Rediyo," ta ce, tana shessheƙa. "Kullum in na taɓa ƙafarta sai in ji kamar ta tafi. Inna ta ce minti kaɗan ne, ba wanda zai sani."

Ban kore ta ba, uwa ce. Amma daga ranar jakarta a wajen mai gadi take kwana, ni kuma ban sake sauka ba sai nas ta tsaya a madadina.

Da kwana biyun suka cika suka fara ɗumama ta. Abin da Inna ta so yi a minti arba'in, su sun ɗauki yini da kwana suna yi, ɗigo-ɗigo. Duk tsawon kwanakin Inna na zuwa tun safe, ta zauna a bencin nan ta juya wa ƙofar gilashi baya, sai yamma Yaya ya zo ya ɗauke ta. In na fito na gaishe ta sai ta dubi bango.

Rana ta biyar suka rage maganin barci. Ta shida ba komai. Ta bakwai ta motsa ƙafar dama, da yamma ta buɗe ido, ta kalli silin, ta rufe. Ta tara suka zare tiyon maƙogwaro, ta yi numfashi da kanta. Likita ta ce kada mu yi saurin murna, buɗe ido daban, sanin mutane daban. Kwana biyu tana bin mu da kallo kamar baƙi. Rana ta sha ɗaya ina goge mata baki da auduga ta ƙura min ido, leɓenta na rawa, ta ce, "Baba... wari... kake."

Nas ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni na fita bayan gida na kulle ƙofa na daɗe.

Da Rediyo ta tambayi ƙawarta, na je wajen mai gadi da kaina na ce a goge sunan. Inna ta tashi daga benci, ta wuce ni kamar ta wuce turken wuta, ta shiga. Ina hango su ta gilashi, ta kama ƙafar yarinyar da hannu biyu tana murzawa.

Rediyo ta tashi, amma ba duka ba. Hannun hagu ba ya damƙa sosai, maganarta tana ja, ta maimaita aji ɗaya. Surutun dai yana nan, sai dai yanzu labarin minti biyar yakan ci ashirin, kuma ba ta yarda a ƙarasa mata. A dangi an kasu biyu. Wasu sun ce gorunan Inna ne suka riƙe ran yarinyar, wasu sun ce su suka ci hannun. Likita ta ce ko sanyin ma ba za ta rantse shi ya tashe ta ba. Kowa ya faɗi nasa. Ni abin da na sani, an fara aiki, an ce kada a katse, ban bari an katse ba.

Ranar da aka sallame mu muka tarar ɗakin Inna wayam. Ta kwashe kayanta ta koma gidan Yaya, bargon kawai ta bar wa Rediyo a kan gado.

Duk ƙarshen mako nakan ɗauki yarinyar a babur in kai ta. Ita ta shige ciki, in ji suna faɗansu suna dariya, ni in tsaya a bakin ƙofar ɗaki in yi gaisuwa. Ba amsa. Kawunnanmu sun sa baki, maƙwabta sun sa baki, har mai kemis ta je. Na durƙusa a gaban mutane na ba ta haƙuri a kan ɗagawar da na yi mata, da ɗankwalin, da kiran ta matar nan. Waɗannan laifina ne, na ɗauka. Ta aiko Yaya ya gaya min ba su take so ba. So take in ce cire gorunan kuskure ne.

"Kalma ɗaya ce," in ji Yaya. "Faɗi ko ba ta kai zuci ba. Me zai rage ka?"

"Ƙarya zan yi mata?"

"Taurin kan nan naka ne zai kai ka wuta."

"A wurinta na gada."

Shekara uku muna haka. Bara ciwo ya kwantar da ita, likitoci suka ce a mai da ita gida. Wata Talata da hantsi Yaya ya kira ni a shago ya ce tana nemana. Na rufe shagon ko hannu ban wanke ba. Na same ta ta ƙanƙance a kan katifa, an lulluɓe ta da barguna biyu. Karo na farko a shekara uku ta dube ni a ido.

"Zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Ka rame," ta ce. "Ba ta ba ka abinci ne?"

"Tana ba ni, Inna."

Ta tara numfashi. Yaya na tsaye a bakin ƙofa yana yi min alama da ido, matarsa na bayansa ta haɗa hannu tana roƙona.

"Gorunan nan," in ji Inna. "Ka ce ka yi kuskure, in sauke maka abin da na ɗora maka, in tafi da sauƙi."

Na kama hannunta, ba ta janye ba. Na san abin da ake so in ce, gajere ne, ko yaro zai iya.

"Inna, na san don ƙauna kika sa su. Ki yafe min don Allah. Amma ko gobe na same su a jikinta, sai na cire."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta zare hannunta a hankali, ta juya fuska bango.

Ta rasu ran Laraba da la'asar. Ba ta yafe ba.